Kizashi ɗina tana sakin jiki a hanyar Kano, in juye man giya ko in sayar in huta?

Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min da shawara kuma a sakaya sunana. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, bara na ci bashi a wajen aiki na sayi Suzuki Kizashi ƙirar 2012 a hannun yayan matata, shi ke harkar shigo da motoci ta Kwatano. Giyarta otomatik ce irin wadda ake cewa CVT, agogon tafiyarta yana kan 118,000. A cikin gari lafiya lau take, amma in na ɗauki hanyar Kano da rana ina wuce Zariya sai ta fara wani siririn kuka, in na taka totur bata amsawa, sai na faka na huta kamar minti ashirin sannan ta dawo daidai. Makanikin gidanmu, dattijo ne tun zamanin mahaifina yake mana gyara, yace a juye a zuba mata jan man giyar da yake sa wa Camry. Wani kuma yace kul na taɓa man, wai ana juyewa giyar ta mutu. Na zaga Panteka wani ma tambayata yayi wai wace mota ce kuma Kizashi. Surukin nawa yace hannuna ne, maiɗakina kuma ko zancen bata son a tayar. Bashi ban gama biya ba. Ya zanyi?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya rufa asiri ya kuma hore abin biyan bashin nan.

Amsar a taƙaice: ka juye, amma ba da jan man nan ba, kuma kar ka yi gaggawar sayarwa. Sauran bayanin yana da ɗan tsawo, ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe don akwai wuraren da in aka kuskure gara ma ace ba'a taɓa motar ba.

Abu na farko da nake so ya zauna maka a rai, motarka ce baƙuwa a Panteka, giyarta ba baƙuwa bace ko kaɗan. Suzuki basu ƙera giyar nan da hannunsu ba, sayo ta suka yi a wajen wani kamfanin Japan mai suna Jatco, wanda Nissan ke da kaso mafi tsoka a cikinsa, Mitsubishi da Suzuki ɗin ma suna da ɗan nasu kason. Sunan giyar JF011E, Nissan kuma suna kiranta RE0F10A, kuma ita ce dai a cikin Altima mai inji 2.5 daga 2007 zuwa 2012, ita ce a Rogue na farko, da Sentra mai 2.0, da X-Trail da Qashqai na wancan zamanin, da Mitsubishi Lancer da Outlander, har Jeep Compass da Patriot da Dodge Caliber duk ita suka ɗauka. To kaga kuwa, duk garejin da ake gyaran Altima da Rogue an sha buɗe irinta. Kai da ka shiga kasuwa kana cewa Kizashi dole a riƙa kallonka, saboda motar ko a Amurka bata yi yawa ba, a ƙarshen 2009 ta fito, a watan Nuwamba 2012 reshen Suzuki na Amurka ya shigar da takardar karyewa ya daina sayar da motoci a can, shi yasa fitila da bamba da gilashinta ke wahala. Amma kayan giya daban. Daga yau in ka shiga Panteka ko Ƙofar Ruwa ka daina faɗin sunan motar, kace kayan giyar CVT ta Altima 2010 kake nema, zakaga masu shago sun fara miƙewa.

Yanzu bari in gaya maka abin da ke cikin akwatin nan, don in ka gane shi kai da kanka zaka raba gardamar makanikan naka. Ka san injin markaɗe, fuli biyu da bel a tsakani, in fulin inji ƙarami ne na dutse babba sai a samu ƙarfi ba gudu, in aka juya sai a samu gudu. To CVT haka take, sai dai fulin nata kowanne faranti biyu ne masu gangare suna fuskantar juna, suna matsewa suna buɗewa, in suka matse bel ɗin ya hau sama fulin ya zama babba, in suka buɗe ya faɗa ciki ya zama ƙarami. Babu giya ɗaya giya biyu giya uku, shi yasa baka jin tana canji, waɗannan lambobi shida da kake gani in ka tura sandar gefe kwamfuta ce kawai ta tsara su. Bel ɗin kuma ba na roba bane, ɗaruruwan ƴan siraran ƙarafa ne aka jera a kan zobban ƙarfe. Wato ƙarfe ne ke riƙe ƙarfe, kuma abin da ke matse farantan nan har su damƙe bel ɗin shi ne ƙarfin man da famfo ke turawa. Man giyar nan aiki uku yake yi a lokaci guda, shi ke matsa fulin, shi ke sanyaya giyar, kuma shi ke sa ƙarfe ya kama ƙarfe ba tare da ya zame ba, wannan na ukun kuwa sinadarai ne na musamman aka zuba masa dominsa.

Nan ne jan man Baba, makanikin gidanku, ya faɗi. Man da ake sa wa Camry, ATF, an haɗa shi ne don faiba, wato farantan kuloci masu fatar takarda da ke cikin otomatik ta gargajiya, yana barinsu su ɗan zame kafin su kama don kar canjin giya ya riƙa bugunka a baya. In ka zuba shi a CVT ranar farko motar zata tashi ta tafi lafiya har kace Baba ya iya aiki, amma bel ɗin yana ɗan sulɓewa a kan fulin yana kankare shi, kuma fulin da ya karce baya warkewa, ko ka dawo ka zuba man kirki daga baya. Abin da littafin motarka ya rubuta shi ne Suzuki CVT Fluid Green 1, wanda da wuya ka same shi a nan, ɗan'uwansa da ake samu shi ne Nissan NS-2, na Mitsubishi kuma CVTF-J1. Idemitsu suna da wanda suka rubuta wa Type N, shima don wannan ajin aka yi shi. Ka lura da kyau, NS-2 nace ba NS-3 ba. NS-3 ya fi tsinkewa, an fito da shi ne don giyoyin da suka biyo baya irin na Altima 2013 zuwa sama, kuma masu shago suna son miƙo shi suce ai shi ne sabo ya fi kyau. Haka na Toyota da na Honda, duk da an rubuta CVT a jiki ba naka bane.

Shi kuma mai cewa kul ka taɓa, ba daga sama ya tsinci maganar ba, ya ga abin da ya gani. An sha kawo mota giyarta ta riga ta fara mutuwa, mai ita bai taɓa tunanin juye ba sai da ta fara fizga, a juye, bayan sati biyu ta kwanta, sai ace juyen ne ya kashe ta. An kuma sha zuba man da ba nata ba, ko a jona injin nan mai tura mai da ƙarfi ya taso da duk dattin da ya kwanta ya cusa shi cikin ƙananan hanyoyin balbodi, wato sashen da ke rarraba mai a cikin giyar. Daga nan camfin ya samo asali. Amma mai mai ne, zafi yana cinye sinadaransa, kuma man da aka ce wai na har abada ne ba'a auna shi da zafin ranar Afrilu a tsakanin Zariya da Kwanar Dangora ba, ga gosulo ga ƙura ga AC a kunne tun safe. Su kansu Nissan sai da suka tsawaita garantin CVT na motocinsu na 2003 zuwa 2010 ya koma shekara 10 ko mil 120,000 saboda yawan ƙorafi, kaga ba giya ce mai jure sakaci ba.

Af, wannan 118,000 ɗin da ka faɗa, in motar daga Amurka ta zo to mil ne ba kilomita ba, wato wajen kilomita 190,000 kenan, in ma ba'a taɓa agogon a hanya ba. Zai iya yiwuwa man da ke ciki tun na kamfani ne.

Abin da ka kwatanta kuwa, in ka tambaye ni, labari ne mai ɗan daɗi. Kaduna zuwa Zariya wajen kilomita 80 ne, wato kusan awa guda kana gudu ba tsayawa, man ya ɗau zafi, tsohon mai in ya yi zafi sai ya tsinke ya yi kumfa, famfo ya riƙa zuƙar kumfar, wannan shi ne siririn kukan da kake ji. Birenbos ɗin giya, wato kwamfutar da ke sarrafa ta, yana da abin auna zafin mai, da ya ga ya haura iyaka sai ya rage wa motar ƙarfi da gangan don kar bel ya ƙone, ka taka totur ta ƙi. Ka huta ta huce ta dawo. Wato motar kare kanta take yi. Giyar da ta lalace bata jiran Zariya, tun daga ƙofar gida take fizga, ko ka sa D ta yi jinkiri kafin ta kama, ko allurar inji ta tashi sama motar bata gaba, ko ka ji gurnanin boris ko da safe da sanyi. Tunda baka ambaci ko ɗaya ba ina kyautata zaton da sauranta. Amma kowane zuwa Kano da kake yi a haka kana rage mata kwana, ka dakatar da doguwar tafiya har sai an yi aikin.

Kafin a kwance ko noti ɗaya a jona mata kwamfuta, kuma ba ƴar ƙaramar nan da ake jonawa da waya mai karanta inji kaɗai ba, wadda ke shiga ɓangaren giya. A rubuta maka duk lambar da ta fito a takarda kafin a goge, don wasu yaran gareji hannunsu na rawa wajen gogewa, suna ganin in wutar cek ta mutu an gama gyara. P0868 na nufin ƙarfin mai ya yi ƙasa, P0776 kuma solenoyid ɗin da ke daidaita matsin fuli ne ke ƙorafi, in ɗayansu ya fito to maganar ta ɗan wuce juye kaɗai, sai an duba famfo da balbodi, domin a wannan giyar akwai wani ɗan bawul a cikin famfon da ya yi suna wajen cinyewa. Ka kuma sa a duba fulogi da kwayil da injin sit da batir, sau da yawa inji ne ke tari ana ɗora wa giya laifi.

Sai juyen kansa. Ba buɗe noti a tsiyaye a mayar kawai ba, karon farko dole a sauke kwanon ƙasa gaba ɗaya, kuma ina so ka tsaya a wajen ka gani da idonka, ka ɗauki hutun rabin rana a ofis in ta kama. Sabon NS-2 kore-kore ne garau kana hango ƙasan roba ta cikinsa. Naka ina zaton zai fito kamar shayin da aka manta a wuta, wannan ba komai, tsufa ne. Ka ɗiga shi a farar takarda ka shinshina, in warin ƙuna ne mai hawa kai ka riƙe wannan a ranka. A cikin kwanon akwai mayen ƙarfe manne a ƙasa, ka sa yatsa ka shafo abin da ya taru a kai ka murza. In laushi ne baƙi-baƙi kamar kwalli, lafiya, kowace giya tana yin wannan. In kuwa ka ji tsini-tsini, ko ka fita da shi rana ka ga ƴan ɓarɓashi suna walƙiya, to bel ko fuli ko boris ya fara ci, a nan sai a dakata a sake lissafi.

Filta biyu ne, kuma yawancin makanikai ɗaya suka sani. Akwai na cikin kwano mai ragar ƙarfe, akwai kuma ɗan ƙarami na takarda da ke ɓoye a gefen giyar a bayan kular mai, wato abin da ke sanyaya man, inda bututan ruwa ke shiga. Wannan ƙaramin shi ne ke toshewa ya hana mai zagayawa ta wajen sanyi, kuma in ba'a canza shi ba rabin aiki aka yi. Lambarsa a wajen Nissan 31726-1XF00, amma duk da haka a cire tsohon ka riƙe shi a leda ka je kasuwa a gwada, haka na cikin kwanon ma, don bakin zuƙarsa yana bambanta daga mota zuwa mota gwargwadon zurfin kwano. A sa sabuwar robar zobe, a sa sabon gaskit. Kar ka yarda a lafta gam, in ya matso ciki ya gutsure balbodi zai nufa. Kar kuma a goge cikin kwano da tsumman da ke zubar da zare.

A auna abin da ya fito a cikin galan mai lamba. Giyar gaba ɗaya tana cin lita 7 zuwa 8, amma abin da ke fita a juye ɗaya wajen rabi ne, sauran yana maƙale a cikin kwanbata, wato abin da ke haɗa inji da giya, da fuli da bututai. Shi yasa juye ɗaya baya isar man da ya tsufa haka. Ka juye, ka yi sati ɗaya ko biyu kana zirga-zirgar cikin gari, ka dawo a sake tsiyayewa ta noti kawai ba sai an sauke kwano ba, na farko ya sabunta rabi, na biyu ya kai ka kashi uku cikin huɗu, in aljihu ya yarda ka yi na uku. Eh da tsada, man nan ba arha gare shi ba, amma je ka tambayi kuɗin giya ƴar Beljiyam ka dawo mu yi magana.

Wurin da aka fi yin ɓarna bayan zaɓen mai shi ne awo. Mutanenmu suna da son ƙari, wai gara ya yi yawa da ya yi kaɗan. A CVT man da ya wuce layi kumfa yake yi, ya kawo maka daidai wannan ciwon da kake gudu, har ma akwai motocin da ba abin da ke damunsu illa wani ya cika musu mai ya wuce kima. Ana auna shi ne mota na kan daidai ba gangare ba, inji na aiki, an taka birki an zaga da sanda P, R, N, D an dawo P, zafin man kuma yana tsakanin digiri 50 zuwa 80 a kwamfuta, ba da taɓawar hannu ba. Daga nan mai kwamfutar ya shiga ya mayar da lissafin tsufan mai zuwa sifili, domin birenbos ɗin wannan giyar yana ƙirga wahalar da man ya sha, a Nissan in ƙirgen ya kai 210,000 cewa suke a canza. Bayan wannan ni a ganina kowane kilomita 40,000 ka juye, a yanayinmu ban ga dalilin wuce haka ba.

Maganar jabu kuwa sai dai addu'a da buɗe ido. Ana ɗura man banza a tsohon gwangwani a rina shi kore a liƙe. Ka sayi mai da kanka a shagon da ke da adireshi wanda zaka iya komawa gobe, ka duba hatimin murfi, ka karɓi rasit, in farashin ya faɗo ƙasa da na kowa sosai ka ajiye musu kayansu. Kuma a buɗe shi a gabanka, in an gama ka huda gwangwanin ko ka tafi da abinka gida.

Sauran rabin maganin yana gaban mota. Kular man giyar nan da ruwan lagireto take aiki, in inji na zafi giya ma na zafi. A duba ko an cire tamostat an ɗaure fanka kai tsaye kamar yadda aka saba yi wa motocin Kwatano da sun iso, a duba ko ruwan rijiya ake ɗura mata maimakon kulant har tsatsa ta toshe ƴan hanyoyin kular, a wanke ƙurar hunturu da ta cushe tsakanin kwandensa da lagireto, wannan wajen in ka leƙa da tocila zaka sha mamaki, har fuka-fukan fara da ledar fiyawota ake samu. In bayan juye da wankin nan har yanzu tana sakin jiki a doguwar hanya, a ƙara mata wata kular man mai aiki da iska a gaba, masu Altima da Rogue da yawa da ita suka rabu da wannan matsalar, sai dai a samu mai hannu mai kyau ya ɗaura, bututun da ya zame a kan hanya cikin minti kaɗan zai zubar da man gaba ɗaya.

Surukinka da yace hannunka ne, ban yarda da shi ba, amma akwai ɗabi'un da giyar nan bata so. Sa R mota bata gama tsayawa ba. Fizgar tashi a danja don ka riga mai adaidaita. Sakin ta a N a gangara wai ana tsimin fetur. In ta kafe a yashi ko taɓo da damina ka yi ta murza taya, lokacin da tayar ta kama ƙasa kwatsam duk bugun a kan bel yake sauka, gara ka fito ka nemi samari su tura. Lodin buhunan masara daga ƙauye but ya cika kujerar baya ta cika. In ta mutu a hanya kuma kar a ɗaura mata igiya a ja, famfon baya aiki in inji a kashe yake, a nemo janwe mai ɗaukarta gaba ɗaya, musamman in taka mai jan ƙafa huɗu ce, wadda ita kuma tayoyinta huɗun dole su zama girma ɗaya. A babbar hanya da rana ka riƙe ta a 100 zuwa 110, in da hali ka fita bayan asuba.

To in aka sauke kwano aka ga ɓarɓashi fa? Kar kowa ya ruɗe ka da cewa ga giyar Altima an sauke a kasuwar Ladipo ta Legas ko Apo ta Abuja a ɗaura maka. Kayan ciki da yawa suna shiga juna, amma kaskon da ke haɗuwa da inji ba ɗaya bane, injinka J24B ne na Suzuki, wayoyi da birenbos ma kowa da nasa, kuma balbodin yana ɗauke da wani ɗan ƙwaƙwalwa mai bayanan da dole su dace da birenbos. Hanya biyu ce, ko a buɗe taka a canza abin da ya ci da kayan ƴan uwanta a wajen wanda aikinsa kenan, ko a nemo ta Kizashi sak, mai jan gaba ko mai jan huɗu daidai da taka, da sharaɗin gwaji a rubuce. Kafin ka ba kowa aikin ka tambaye shi wane mai zai zuba kuma filta nawa ne a ciki, amsar da ya baka ta ishe ka.

Shi kuma Baba makanike, dan Allah kar ka je kace masa an ce a intanet bai iya ba. Mutumin da ya riƙe motar mahaifinka ba'a yi masa haka, kuma a kan Peugeot da Camry da Honda ya fi ni ya fi ka. Ka je da littafin motar da galan ɗinka a hannu kace Baba ga abin da masu motar suka rubuta, na kuma samu wani yaro mai kwamfuta da ya saba da irinta, ina so ka sa mana ido a kan aikin. Dattawan gareji sun fi son a basu girma a kan a basu kuɗi, wataƙila ma shi zai nemo maka yaron. Inji da birki da ƙafa ka bar masa kayansa.

Surukinka kuma ina ganin bai cuce ka da gangan ba, dilan mota yana zagaya ta a cikin gari ya ji lafiya ya sayar, wannan ciwon kuwa sai an yi awa guda ana gudu da rana yake fitowa. Cewa hannunka ne da yayi kunya ce da kare kai. Kar ka nemi ya amsa laifi, bazai amsa ba, kuma kowace kalma ka faɗa a kan yayanta maiɗakinka ce zata kwana da ita. Ka cire ta daga zancen kwata-kwata. Ka same shi ku biyu kace Yaya an gano abin, man giya ne da filta, tunda kana da mutane a Kwatano da Legas ka taimaka a samo min na gaske. Ka mayar da shi mai taimako, zai fi maka amfani, kuma in Allah ya sa yana da kara wataƙila ya ɗauke maka kuɗin man.

Sayarwa kuwa yanzu asara ce biyu, mota ce da ba'a sani ba dama masu saye taya ta suke da wulaƙanci, ga bashi kana biya, sannan in zaka sayar dole ka faɗi aibinta don ba halin ka ɓoye wa musulmi ɗan'uwanka ko ma waye, da ka faɗa kuma farashi ya sake faɗuwa. Ka yi aikin tukuna, ka gwada ta zuwa Kano da rana sau biyu, in ta wuce lafiya ka riƙe abarka har ka gama biyan bashi, in ma daga baya ka ga wahalar fitila da bamba ta ishe ka sai ka sayar da rasit ɗin juye a hannu. In an jona kwamfutar ka turo min lambobin da suka fito da hoton mayen ƙarfen kafin a wanke shi, a ɗauka a rana ba a cikin rumfa ba.